Kwalbar Maganin Gemu da Abin da Ta Tono a Cikinmu

Akwai wata 'yar kwalba da ya kamata mu yi magana a kanta. Sunan maganin da ke ciki minoxidil. Kamfanin Upjohn na Amurka ne ya fara yin sa, kuma ba don gashi ba. A 1979 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayarsa domin masu hawan jini mai tsanani, gama yana buɗe hanyoyin jini. Sai likitoci suka lura masu shansa gashi yana tsiro musu har a goshi da kumatu. Daga nan aka mai da shi ruwan shafawa, aka amince da shi a 1988 da sunan Rogaine, don maganin sanƙo. Sanƙo fa, ba gemu ba.

Amma mutane ba su tsaya a kai ba, suka sauko da shi haɓa. A ƙasashen Amurka da Turai, cikin masu yin haka akwai waɗanda aka haifa mata, amma suke jin a ransu su maza ne, suke kuma zama a matsayin maza. Likita yakan ba su sinadarin maza mai suna testosteron. Murya takan yi kauri cikin watanni, amma gemu yana da nawa, yakan ɗauki shekaru huɗu ko biyar kafin ya kai iyakarsa, wani kuma ba ya cika ko kaɗan, domin gado ne. Shi ya sa suke ƙarawa da wannan kwalba. A wurinsu gashin fuska shi ne zai sa mai kanti ya kira su da sunan namiji, a daina tsayawa ana kallonsu a hanya.

Mun san abin da yakan faru in irin wannan labari ya iso dandalinmu bayan sujada. Dariya ce, da tofar da yawu, da cewa Turawa sun haukace. Matsayinmu ba a ɓoye yake ba. Muna koyar da abin da Farawa 1:27 ta koyar game da halittar namiji da ta mace, ba mu kuma gaskata cewa gashin haɓa yana sake halittar mutum ba. Amma ayar nan ɗaya ita ce ta ce a cikin siffar Allah aka yi su. Wanda ya tashi kullum yana jin jikinsa baƙo ne a gare shi, yana cikin wahala ta gaske. Ba mu ga inda Ubangiji Yesu ya yi wa mai wahala ba'a ba. Filibus ma, da ya gamu da baban nan na Habasha a hanyar Gaza, mutumin da ba a lissafa shi cikin cikakkun maza, shiga keken dokinsa ya yi ya zauna kusa da shi, suka buɗe Littafin Ishaya tare.

To, kafin mu gama dariya, mu leƙa ɗakin samarinmu. Kwalbar nan tana can. Suna saye a kemis ko ta waya, suna shafawa safe da yamma, ba likita, ba tambaya. Me ya kai su? Bakinmu. Saurayi ya kai shekara ashirin da biyar haɓarsa sumul, sai a ce da shi yaro, 'yan mata a zumuntar matasa su ce fuskarsa ta mata ce, dattijo ya ce ya bari gemu ya fito tukuna kafin ya sa baki a taro. Mu ne muka koya masa cewa shaidar namiji a haɓa take. Ashe awon da muke yi wa na nesa dariya a kansa, da shi muke auna 'ya'yanmu.

Littafi Mai Tsarki bai raina gemu ba. Da Hanun sarkin Ammonawa ya aske rabin gemun manzannin Dawuda, abin kunya ne ƙwarai. Amma ku duba 2 Sama'ila sura 10 ku ga abin da Dawuda ya yi: ya aika a tarye su, ya ce su zauna a Yariko har ya tsiro. Rufa musu asiri ya yi. Kuma cikin 'ya'yan Ishaku, Isuwa ne gargasa, Yakubu mai sulɓin jiki, alkawari kuwa ta wurin Yakubu ya bi.

Game da maganin kansa, gaskiya ita ce yana aiki ga wasu. A wani gwaji da aka buga a 2016 daga ƙasar Tailan, maza 48 suka shiga, aka bi su mako 16, waɗanda suka shafa na gaske kuwa gashinsu ya ƙaru fiye da na sauran. Amma mutum 48 ba su da yawa, mako 16 kuma ba shekara ba ce. Kada a manta asalinsa na hawan jini ne. Yakan busar da fata ya kawo ƙaiƙayi. In ya shiga jiki da yawa, yakan kawo faɗuwar gaba, jiri, da kumburin ƙafa. Masu gaggawa da ke ninka awo, ko su tsattsaga fata da allura don ya shiga sosai, su ne suka fi shiga haɗari. Gashi yakan fito inda ba a nema ba. A kai kuwa, in an daina shafawa, abin da ya tsiro yakan zube.

Saboda haka muna roƙon shugabannin matasa su gayyato ma'aikacin jinya daga cikin ikilisiya ya yi wannan bayani a taronsu. Mai ciwon zuciya kada ya taɓa shi sai da izinin likita. A duba lambar NAFDAC, gama jabu ya yi yawa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta nisance shi, magidanci kuma kada ya shafa ya ɗauki jariri ya manna a fuskarsa. A ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba, domin in yaro ya sha, sai asibiti da gaggawa. Ko kyanwar gida, in ta lashi kaɗan, yana iya kashe ta.