Ba Kowace Toshewar Hanci Ce Mura Ba

Da hunturu ya kama a Birniwa, ƙura ta taso daga arewa, duk wanda hancinsa ya toshe sai ya ce mura ce. To, wace irin mura ce za ta shekara a kafa ɗaya?

'Yan'uwana ɗalibai, a tsakiyar hanci akwai shamaki na guringuntsi da ƙashi wanda ya raba kafofin biyu. Wani da karkatacce aka haife shi, wani kuwa naushi a fagen dambe ko faɗuwa daga babur ne ya kautar masa da shi. Daga nan sai minshari da haɓo da kwana baki buɗe. Maganin ɗigawa irin su Otrivin ba ya miƙe guringuntsi. In aka zarce mako guda ana ɗigawa, ƙara toshewar ma yake yi. Balle a je wanzami ya yanke beli, wanda ba ruwansa da hanci.

In abin ya tsananta sai tiyata, ana kuwa yinta a Asibitin Malam Aminu Kano. Amma manomin da ke jiran kuɗin riɗinsa, da me zai yi ta zirga-zirgar Kano? Tun 1991 muke da jiharmu. Ku da kuka kama aiki a Ma'aikatar Lafiya a Dutse, me zai hana likitan hanci ya riƙa duba marasa lafiya a Birniwa, ko da sau ɗaya a wata?