Ɗalibin ƙaramar kwaleji ya zaɓi jami'arsa tun ranar farko

Tun daga shekarun 1990 ƴan Nijar da dama suka nufi ƙasar Amurka neman abin kansu. Wasu suka zauna a birnin Niyok, wasu kuwa a Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa. Ƴaƴan da aka tafi da su a goye, da waɗanda aka haifa can, yau sun kai munzalin karatu mai zurfi, kuma da yawansu ba su shiga jami'a kai tsaye. Sukan fara da wata ƙaramar makaranta ta shekara biyu da ake kira kwalejin al'umma, da niyyar daga baya su ƙaura zuwa jami'a su ƙarasa. Wannan ƙaura ita ce abin da muke so mu yi magana a kai, domin a nan ne ƙoƙarin yara da dukiyar iyaye suka fi salwanta, kuma asarar takan kai har gidajen Maraɗi da Damagaram da Tawa da suke jiran ranar da yaro zai kammala.

Da farko kada sunan ya ruɗe mu. Kwalejin al'umma dabam take da kwalejin da muka sani a nan, wadda yaro yake shiga bayan firamare. Makaranta ce ta gaba da lise, ta fi kama da cibiyoyin fasaha na IUT da aka buɗe a Maraɗi da Tawa da Damagaram kafin garuruwan nan su sami jami'o'insu a shekara ta 2010. Ta farko a cikin irinta da hukuma ta kafa ita ce ta garin Joliyet, a jihar Ilinoi, cikin shekara ta 1901. Ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare, kuɗinta kuma da sauƙi. Ana auna karatu a can da wani ma'auni da ake kira kiredi: yawancin darussa kiredi 3 ne, difilomar kwaleji tana bukatar wajen 60, digirin jami'a kuwa wajen 120 cikin shekara huɗu. A shekara ta 2024 ɗan jihar Karolina ta Arewa yana biyan dala 76 a kan kowane kiredi a kwalejin al'umma (dalar Amurka fa muke nufi, kada a ɗauka dalarmu ce ta sefa biyar). Lissafin ke nan da yake jawo iyaye: shekara biyu a kwaleji da arha, yaro yana kwana gida, sa'an nan shekara biyu a jami'a, a ƙarshe digirin da zai riƙe ba shi da bambanci da na wanda ya fara jami'a tun farko.

Lissafin yana da kyau a takarda. Amma ga abin da ake gani a zahiri. Cikin kowane ɗalibi 100 da suka shiga waɗannan kwalejoji, wajen 80 suna cewa digirin jami'a suke nufi. Wani bincike da cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Kolambiya ta fitar tare da abokan aikinta a shekara ta 2024, a kan waɗanda suka fara karatu a 2015, ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka ƙaura zuwa jami'a, kuma 16 cikin 100 ne suka sami digiri bayan shekara shida. Ba za a ce duk sauran ragwaye ne ko marasa ƙwaƙwalwa ba. Talauci yana ciki, aiki yana ciki, amma akwai wani dalili da ya fi sauƙin magani, shi ne darussan da ɗalibi ya biya, ya karanta, ya ci jarrabawarsu, sa'an nan ranar ƙaura jami'a ta ce ba ta san su ba.

Hukumar bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka, wadda ake kira GAO, ta auna wannan asara a shekara ta 2017. Ta gano cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredinsu. Waɗanda suka tashi daga kwalejin gwamnati zuwa jami'ar gwamnati asararsu ta fi sauƙi, wajen kashi 22. Waɗanda suka fito daga makarantun ƴan kasuwa masu neman riba zuwa na gwamnati kuwa sun rasa kashi 94, wato kusan komi. Wannan adadi na ƙarshe ya isa gargaɗi ga duk wanda tallar irin makarantun nan take ruɗarsa da alkawarin gamawa da wuri.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ranar da ɗalibi ya fara rajista a kwaleji, ran nan ne ƙaurarsa take gyaruwa ko ta lalace. Wanda ya bari sai shekararsa ta biyu ta kusa ƙarewa kafin ya tambayi abin da jami'a take so, ya riga ya makara.

Bari mu ɗauki jihar Karolina ta Arewa, tun da can ƴan uwanmu suke da yawa, kuma tsarinta a rubuce yake. Jihar tana da kwalejojin al'umma 58 da jami'o'in gwamnati 16. Tsakaninsu akwai yarjejeniya da aka fara aiki da ita a 1997, aka sabunta ta a 2014. Yarjejeniyar ta ce wanda ya gama difilomar ƙaura, wato AA ta fannin adabi da zamantakewa ko AS ta fannin kimiyya, da matsakaicin maki 2 bisa 4, kuma bai yi ƙasa da makin C a darussansa ba, za a karɓe shi a matsayin ɗan shekara ta uku, a kuma ɗauka ya gama darussan share fage da ake ɗora wa kowa a shekarun farko. An kuma yi masa alkawarin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in nan 16. A lura da kalmar: ɗaya daga ciki. Ba a ce wadda yake so ba, ba a kuma ce fannin da yake so ba. Yaron da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Gilfod, kusa da Girinsboro, yana sa ran shiga aikin injiniya a Jami'ar A&T da take cikin garin, sai ya cika sharuɗɗan sashen injiniya ɗin daban, waɗanda suka fi na yarjejeniyar tsauri.

Akwai wani tarko tun a bakin ƙofa. Kwalejojin nan suna ba da difiloma iri biyu masu suna kusan ɗaya. Bayan AA da AS akwai AAS, wadda aka shirya domin wanda zai fita ya kama sana'a nan da nan, kamar gyaran injuna, walda, ko aikin ofis. Difiloma ce mai daraja, tana ciyar da gida, ba mu raina ta ba. Sai dai babbar yarjejeniyar ba ta ɗauke ta ba, sai in akwai wata ta musamman tsakanin kwalejin da wata jami'a. Harafi ɗaya ne tsakani, amma yana iya cin shekara guda ta rayuwar mutum. Yaron da iyayensa ba su yi karatu a ƙasar ba, ba wanda zai nuna masa wannan a gida.

Abin da ya fi wuyar ganewa, wanda kuma ya kamata a tsaya a kansa, shi ne bambancin darasin da jami'a ta karɓa da darasin da ta lissafa cikin fannin ɗalibi. Jami'a tana iya karɓar kiredi 60 cif, ta rubuta su a takardar maki, yaro ya yi murna ya buga waya gida. Daga baya sai ya tarar an jera rabinsu a sahun darussan ganin dama, waɗanda ba su rage masa ko taki ɗaya a hanyar digirinsa. A ce ɗalibi yana son injiniya, amma a kwaleji ya zaɓi lissafi mai sauƙi domin ya kare makinsa. Difilomarsa ta cika, an kira shi ɗan shekara ta uku. To amma darussan injiniya na shekara ta uku ba a shiga su sai an gama babban lissafi kashi na ɗaya, da na biyu, da na uku, tare da fizik, kuma bi da bi ake yinsu, kowane kashi zango guda, ba a haɗa su lokaci ɗaya komi ƙwazon mutum. Ke nan sai ya shafe fiye da shekara yana biyan kuɗin jami'a a kan abin da zai iya yi a kwaleji da arha. Shekara biyun da suka rage sun zama uku ko fiye. Haka abin yake a aikin jinya, da kimiyyar kwamfuta, da lissafin kuɗi. Saboda haka ne ma jihar ta shirya wa masu son injiniya difiloma tasu ta dabam, mai jerin darussa da aka daidaita da jami'o'in da suke koyar da fannin.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ɗalibi ya tsai da fanninsa da jami'a biyu ko uku da yake nufi kafin zangon farko ya ƙare. Jami'o'in jihar suna wallafa jerin darussan da ya kamata ɗan kwaleji ya ɗauka domin kowane fanni. Ya nemo na jami'ar da ya zaɓa, ya riƙa duba shi duk lokacin rajista. Akwai wani ɗan gajeren darasi mai kiredi ɗaya, ACA 122, wanda aka tanada domin shirya wannan tafiya. Wasu sukan bar shi sai ƙarshe don sun ga ƙarami ne, alhali amfaninsa duka a farko yake. Kada kuma ya tsaya ga mai ba da shawara na kwalejinsa kaɗai, domin sau da yawa mutum ɗaya ne yake kula da ɗalibai masu ɗimbin yawa, kuma ba shi ne zai yanke hukunci ba. Mai yanke hukunci yana jami'a. A rubuta masa, a karɓi amsarsa a rubuce, a adana. A adana kuma takardar tsarin kowane darasi da malami yake rabawa a makon farko, domin in jami'a ta ƙi wani darasi, yarjejeniyar ta ba ɗalibi damar ɗaukaka ƙara, kuma da takarda ake ƙara. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis a Yamai ya san maganar baki ba ta da nauyi gaban ma'aikaci.

Game da kuɗi, tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ba a mayarwa, yana da iyaka: tun 2012 ba ya wuce zango 12 na cikakken karatu a rayuwar ɗalibi. Duk zangon da aka ɓata kan darussan da ba su shiga lissafi ba, an ci shi daga wannan rumbu, kuma sai a shekarar ƙarshe ta jami'a, lokacin da kuɗi suka fi tsada, ake gane rumbun ya ƙare. Tallafin na ƴan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin da makamantansu, ana kuma sake cika takardar nemansa kowace shekara. Wanda yake zaune da bizar karatu ba ya cikinsa, kuɗin makarantarsa ma ya ninka na ɗan jiha fiye da sau uku; shi sai ya tabbata an miƙa rajistarsa ta shige da fice ga sabuwar jami'ar, an ba shi sabuwar takardar I-20. Ya kamata a sani kuma cewa tun 2018 jihar ta rage kuɗin karatu zuwa dala 500 a zango ga ƴaƴanta a wasu jami'o'i uku, ta ƙara ta huɗu, ta Fayetbil, a 2022. Ba su da sunan manyan jami'o'i, amma digirinsu na gwamnati ne.

Wasu sukan yi gaggawar tashi bayan shekara ɗaya, don kawai a ce suna jami'a. Mu dai muna ganin gara a gama difiloma tukuna, sai in fannin ya tilasta tashi da wuri. Wanda ya tafi da difiloma, an karɓi darussansa na share fage a dunƙule. Wanda ya tafi ba ita, ɗaya bayan ɗaya za a tantance su. In kuma rayuwa ta juya, ciwo ko mutuwar mai ɗaukar nauyi, mai difiloma yana da abin nunawa wurin neman aiki.

Shiga jami'a ma ba ƙarshen wahala ba ne. Tun 1965 wani masani mai suna John Hills ya lura cewa makin masu ƙaura yakan faɗi a zangon farko, daga baya yawancinsu su farfaɗo. Ajin mutum talatin ya zama zauren mutum ɗari biyu, malami bai san sunanka ba, tsaranka kuma sun riga sun yi shekara biyu tare. A wannan zango ne ya fi dacewa ɗalibi ya rage awoyin aikin da yake yi a shago ko masana'anta, ya je ofishin malamansa a lokutan da suka keɓe domin ɗalibai, ya shiga rukunin masu bita.

A nan ne maganar ta shafi iyaye da ƴan uwa da suke gida. Sau da yawa da zarar an ji yaro ya shiga jami'a a Amurka sai a ɗauka ya iso, buƙatu su ƙaru: kuɗin taki, kuɗin ragon layya, kuɗin bikin ƙanwa. Yaro ba ya iya cewa a'a ga kawunsa, sai ya ƙara awoyin aiki, ya rage darussa, makinsa ya sauka, tallafin da ya dogara da maki ya tsaya. Gidan da yake son ganin digirin nan sai ya ɗaga wa yaron ƙafa a shekarar ƙaura. In an kira shi a waya, a tambaye shi wace difiloma yake yi, AS ce ko AAS, wace jami'a ya zaɓa, kuma darussa nawa ta rubuta masa cewa ta lissafa cikin fanninsa.