Asusun Tausayi: Yadda Yara Za Su Tara Kuɗin Ceton Dabbobi



A daminar da ta wuce, autata ta shigo gida da gudu tana kuka, wai ga wata 'yar kyanwa can cikin kwata, ƙafarta ta karye. Ta ce, "Umma, mu kai ta asibiti." Na kai ta wurin likitan dabbobi, aka ɗaure ƙafar, aka yi mata allura. Da na biya kuɗin, na lissafa na ga ya kusa cefanen kwana biyu. A hanyar dawowa yarinyar ta tambaye ni, to sauran da ba su samu mai biya musu ba fa? Tambayar nan ce ta haifi batunmu na yau.

Na san wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba, ina batun dabba? Maganarsa abin dubawa ce, kuma ba na cewa a rage tukunyar gida. Amma ku duba wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma da zarar alamomin sun bayyana, da wuya a tsira. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, ana iya katse yaɗuwarta. Ke nan kuɗin da aka kashe wa karen da ke yawo a layinku, kariya ce ga yaron da ke wasa a ƙofar gida. Sannan tun muna ƙanana malamai sun karantar da mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa.

Akwai masu wannan aiki a ƙasar nan. A Legas akwai gidauniyar Saint Mark's ta Dokta Mark Ofua, wadda ke karɓar dabbobin gida da na daji da aka ceto. A Kalaba akwai Drill Ranch, inda tun 1991 ake rainon birai waɗanda mafarauta suka kashe iyayensu. Akwai kuma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Ibadan da Zariya da Nsukka, da asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. Duk inda ake jinyar dabba ana buƙatar abinci da magani da kuɗin mai. Ga hanyoyin da iyali za su iya bi.

Ta farko ita ce asusu. Ku sayi na ƙasa, ko ku huda gwangwanin madara, a rubuta sunan aikin a jikinsa. Canjin aike da wani ɓangare na kuɗin barka da Sallah su riƙa shiga ciki, amma da yardar yaron, ba da tilas ba. Ku sa ranar fasawa tun farko. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, 4 ga Oktoba kuma ranar dabbobi ta duniya. Kowacce ta dace.

Ta biyu, robobin ruwa da gwangwanayen lemo. Yara su ware buhu ɗaya a bayan gida, idan ya cika babba ya sayar wa 'yan gwangwan. A Legas akwai kamfanoni irin su Wecyclers da ke karɓar irin waɗannan kaya. A tsaya kan na cikin gida da na maƙwabta da na wurin biki. Kada a tura yaro tonon bola, domin akwai fasassun kwalabe da allurai.

Ta uku, sana'ar ƙarshen mako. A haɗa zoɓo ko kunun aya ko cincin, a sayar wa 'yan uwa da maƙwabta, ko a ranar taron iyaye a makaranta idan hukumar makarantar ta amince. Uwa ta ba da jari a matsayin rance, a cire shi bayan ciniki, ribar ta shiga asusu. A nan yaro zai koyi bambancin uwar kuɗi da riba. Sharaɗi ɗaya ne: wannan ba talla ba ce. Babu ɗora wa yarinya tire ta shiga titi ko tasha, kuma babu fashin makaranta ko Islamiyya.

Ta huɗu, aikin ƙarfi ga manyan yara: wanke motar Baba ko ta Kawu, goge takalma, gyaran fulawoyi, a biya su ɗan abin da aka yi yarjejeniya. Masu iya saƙa ko ɗinki ko zane su yi su sayar wa dangi.

Ta biyar, haɗa hannu da maƙwabta kamar yadda muke adashe. Gida goma, kowanne Naira 200 a mako, cikin mako goma an tara Naira 20,000. Da irin wannan za a iya zuwa ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma a tambayi yadda za a shirya ranar rigakafin karnuka da kyanwoyin unguwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da wannan allura. Da yayyafi kogi kan cika.

Wanda ba shi da kuɗi ma yana da abin bayarwa. Tsofaffin tawul da barguna, kwanuka, sabulu, dusa ko harawa, duk suna da amfani. Sai dai ku fara tambayar masu wurin abin da suke buƙata.

Kafin ku miƙa ko kwabo, ku yi bincike. Hotunan dabbobi masu ban tausayi sun cika Facebook da WhatsApp, kuma ba duka ne na gaskiya ba. Ku tambaya ko ƙungiyar tana da rajista da hukumar CAC, kuma wane likita ne ke duba dabbobin. Idan da hali ku je da ƙafarku, ku tafi da yaran su ga inda guminsu ya tafi, ku karɓi rasit. Yaron da aka cuce shi a sadakarsa ta farko, da wuya ya sake sakin hannu.

Sai gargaɗin da ya fi komai. Tausayi ba ya nufin yaro ya kai hannu kan dabbar da bai sani ba. Dabbar da ke jin ciwo tana cizo ko da mai taimakonta ne. Ni ma abin da na fara yi wa autata faɗa a kai ke nan, domin ta so ta ciro kyanwar da hannunta. Ku koya musu su kira babba. Idan kuwa kare ko kyanwa ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi. Kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da zai faru. Ku kuma tabbatar wa yara ba za a dake su ba idan suka faɗa, domin tsoron duka kan sa yaro ya ɓoye cizo.

Kyanwar nan tana nan gidanmu, tana ɗan ɗingishi, ɓeraye kuma sun yi ƙaura. Asusun autata na biyu ya kusa cika.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.