A Bar Mai Keke Ya Fara Wucewa

Daga wata malamar makaranta, Achilafiya

 Na san wata za ta ga kan wannan magana ta ce yau kuma malama ta rasa abin da za ta kawo mana a filinmu sai zancen keke da titi, sai ka ce mu ne direbobi. To, 'yar'uwa, yi mini haƙuri ki karanta. Mu ne muke tashin yaro da sassafe, mu ɗumama masa tuwo, mu ɗaure masa littattafai a bayan keke, mu ce Allah ya kiyaye hanya. In kuwa abu ya faru, mu ne masu kwana a gindin gadon asibiti.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata ɗalibata 'yar aji shida, yarinya mai ƙoƙari, wadda yayanta yake goyo a keke daga ƙauyensu kullum. Ran nan suka iso inda hanyar ƙauyen ta haɗu da kwaltar nan da ta taso daga Kazaure ta nufi Daura. Suka tsaya, suka daɗe suna jira motoci su tsagaita, ga lokaci yana ƙurewa, ga tsoron bulalar latti. Da yaron ya ga 'yar kafa sai ya taka feda. Kowa ya san yadda keke mai goyo yake tashi, sai ya yi tangaɗi kafin ya miƙe. Bai kai ga miƙewa ba wata mota ta karyo kwana ta goge su. Allah ya taƙaita, yarinyar ta karye a hannu, shi kuwa ya sha ƙurjewa. Bayan mako guda yaron ya koma makarantarsu. Ita kuwa har yau ba ta dawo ba, domin mahaifinta ya ce ba zai sake sa 'yarsa mace a kan wannan hanya ba. Na je gidan sau biyu. Uwar tana so ta dawo, amma me zan ce wa mutumin da ya ga jinin 'yarsa a kan kwalta?

Masu zuwa jaje kowa sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ban musa ba. Amma ni a ganina akwai laifin yadda muka tsara mahaɗar hanyoyinmu, tun daga ƙauye har birni. Mun bar ta ga mai ƙarfi, wanda ya fi girman ƙarfe shi ne da hanya.

Duk wadda ta shiga Kano ta tsaya a danja, ta lura da wannan. In jar fitila ta kama, mai keke yana raɓe a gefen dama, domin tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙin hannun dama nan ne wurinsa. Kusa da shi ga A Daidaita Sahu, ga bas, ga tirela. Direban tirela yana zaune can sama a ɓangaren hagu, ko kaɗan ba ya ganin wanda ke ƙasa ta damansa. Da koriyar fitila ta kama sai a saki kowa lokaci ɗaya. Mai keke yana son ya miƙe, mai tirela yana son ya karya dama, watau ta kansa ke nan. Ba mugunta ba ce ta direba, bai gan shi ba ne. Fitilar da aka kafa don ta raba gardama ita ce ta haɗa ɗan tsako da shirwa a ƙofa ɗaya.

Maganin wannan ba wani abu ne mai wuya ba, kuma wasu ƙasashe sun daɗe da yin sa. A birnin Landan akwai mahaɗun da ake shata wa masu keke fili a gaban motoci, mota ta tsaya a layin baya, keke a layin gaba inda kowane direba zai gan shi. A wasu kuma har da 'yar ƙaramar fitila mai hoton keke, wadda take kamawa 'yan daƙiƙoƙi kafin ta motoci. Kafin mota ta motsa mai keke ya gama tangaɗinsa ya miƙe, ya fita daga bakin haɗari. A garin Groningen na ƙasar Holan sun wuce nan ma: akwai mahaɗun da ake tsayar da motoci duka ta kowace fuska, a saki masu keke su kaɗai su wuce, sa'an nan a saki motoci.

Kada ki zaci haka Turawan Holan suka tashi suka ga ƙasarsu. A shekarar 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a hanyoyinsu, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye, musamman mata, su ne suka ce ya isa. Suka kafa ƙungiya mai sunan da ke nufin a daina kashe yara, suka riƙa fita suna tare tituna, suna zuwa wurin 'yan majalisa, har hukuma ta saurara. Ko nan kusa da mu, a Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso, inda mata suke hawan keke zuwa kasuwa ba wanda ya ɗauka abin kallo ne, akwai manyan tituna da aka ware wa masu ƙafa biyu nasu gefen.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, malama, Achilafiya ko danja ba ta da ita, ina ruwanki da wa za a fara saki? Amsata ita ce, fitila ba komai ba ce illa hannun mai ba da hannu da aka mayar na'ura. Abin da nake nema ƙa'ida ce: a mahaɗa, a fara sallamar mai rauni. Inda akwai fitila, a gyara ta ta yi haka. Inda mutum ne yake tsaye, ɗan sanda ne ko ɗan KAROTA a Kano, a koya masa ya ɗaga wa motoci hannu ya ce masu keke su fara. Inda babu ko ɗaya, kamar nan wurinmu, Ƙaramar Hukuma ta sa mutum guda da riga mai ƙyalli da jan ƙyalle ya tsaya a mahaɗa lokacin zuwa makaranta da lokacin tashi. Sa'a ɗaya da safe, sa'a ɗaya da rana. Nawa ne wannan zai ci?

Za a kuma ce ai masu keken ma ba sa bin doka. Wannan gaskiya ne, kuma mu malamai da iyaye muna da namu kason laifin. Yara nawa ne suke hawan keken da ba birki, sai dai su sa silifa a taya? Nawa ne suke dawowa daga makarantar dare ba fitila? Uwa ta duba keken ɗanta kamar yadda take duba kansa ko akwai ƙwarƙwata. Amma fa a tuna, in mai keke ya yi kuskure shi ne zai ji a jikinsa, in mai mota ya yi kuskure shi ɗin dai ne zai ji. Don haka ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya.

Wasu kuma suna ganin keke abin da ne, kowa babur yake nema. Su zo ƙofar makaranta su ƙirga. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekunan da aka jingine a zaure sun fito, an sa musu sabuwar taya. Malamai 'yan'uwana maza da yawa sun ajiye babur sai ranar kasuwa. Manya kuwa sun daɗe suna yi mana wa'azin hawan keke. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya hau keke a Abuja don ya nuna wa jama'a misali, sai ga bas ta ture shi ya faɗa rami. In Minista bai tsira ba, ina ga ɗan talaka mai goyon ƙanwarsa? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa kuma takan fito ta yi zagaye da kekuna. Madalla. Amma zagayen yini ɗaya da rakiyar jiniya ba shi ne zai ƙetarar da yaro ranar Litinin ba.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, a farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da hanyar Kano zuwa Kazaure har Kongolam tagwaye, tsawon kilomita 132. Muna murna, domin hanya arziki ce. Sai dai hanya mai faɗi da santsi gudu take ƙara wa direba, yaron da yake fama da ƙetare layi biyu kuma huɗu ne za su tare shi. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. A sa mana tudun rage gudu kafin kowace mahaɗa da yara suke bi, a sa allon makaranta, a bar tsibiri a tsakiya inda mai keke zai tsaya ya huta kafin ya ƙarasa. In za a kafa danja a Kazaure, a kafa mai aiki da hasken rana, a kuma sa ta ta fara sakin mai keke.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mata na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da nan 'Yankwashi, kada mu bar wannan magana ga maza su kaɗai. Ran taron iyaye da malamai ki aika a faɗa, ko ki je da kanki. Ki gaya wa maigida ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci da hakimi. Matar kansila ma 'yar'uwarmu ce, tare muke zuwa biki da suna. Ni dai na yi wa uwar yarinyar nan alkawari, ranar da aka sa mai tsaron mahaɗa zan koma wurin mahaifinta karo na uku. Har yanzu ban soke sunanta daga rajista ba.