Dokar Ridi A Amurka: An Gudu Ba A Tsira Ba

Akwai mutanen da ɗan garin ridin da bai cika cokali ba ya isa ya tayar masu da borin jini, jiki ya fashe da ƙaiƙayi, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, in ba a hanzarta da allura ba sai a rasa rai. A Amurka kaɗai an ƙiyasta irin waɗannan bayin Allah sun haura miliyan ɗaya da rabi.

Tun 2004 ƙasar ke da dokar da ta tilasta wa kamfanoni rubuta wa a jikin kwali ko leda in abincinsu na ɗauke da madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, dangin yazawa, gyaɗa, alkama ko waken suya. Ridi bai shiga ba sai da iyaye suka yi shekaru suna kai gwauro suna kai mari, kafin Shugaba Biden ya sa hannu a 2021, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023.

To, me ya biyo baya? Tunda wanke injuna tsakanin burodi mai ridi da marar ridi na cin kuɗi da lokaci, sai wasu manyan gidajen burodi suka gano hanya mai arha: su barbaɗa garin ridi da gangan a burodin da can babu shi, su rubuta a leda, shi ke nan sun fita haƙƙin doka! Yaron da jiya yake cin burodinsa lafiya lau, yau an haramta masa shi da sunan dokar da aka yi don kare shi.

Abin takaicin shi ne hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, cewa ta yi ba ta goyon bayan wannan ɗabi'a, amma kuma ba ta saɓa wa doka ba. A 2024 ta gargaɗi kamfanin Bimbo saboda rubuta ridi a ledar burodin da babu ridi a ciki. Wato laifi ne a rubuta ba a zuba ba, amma wanda ya zuba don kawai ya samu damar rubutawa ya sha da ƙafar baya.

Majalisar da ta yi dokar ita ta bar ɓarakar, ita kuma ke da haƙƙin toshe ta, ta hanyar hana zuba ridi a abincin da ba ya bukatarsa.