Sharhi: Ƙaramar Motar Gida a Hanyar Dutsin-Ma

Sharhinmu na yau a kan ƙaramar motar gida ne, mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda ta sha jiki kuma ta ga shekaru. Ita ce malamin makaranta ke hawa, da ma'aikacin asibiti, da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Galibi Toyota Corolla ce, wani lokaci Nissan Sunny ko Honda Civic, injinta bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ba a waiwayenta a wurin ɗaurin aure, maroƙi ma ba ya ɗaga murya idan ta tsaya. Amma idan naƙuda ta taso da tsakar dare a Kutawa ko Birchi ko Wurma, ƙofar mai ita ake bugawa.

Iyayenmu da Fijo suka saba. Tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975, samfurin 504 ya zama motar gwamnati da ta tasha da ta gida, har ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya ɗauko sabuwa dal a cikin leda. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, sai sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma wa na hannu daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. A wancan lokaci ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ratso ta Nijar, su biyo ta Maraɗi, su shigo mana ta Jibiya. Katsinawa da yawa sun ci abinci a wannan hanya: direbobi, dillalai, masu gyaran takardu. Ta nan ƙananan motocin Japan suka cika garuruwanmu. Corolla kuwa ba baƙuwa ba ce a duniya, tun 1966 ake ƙera ta, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Wannan yawa shi ya sa duk lungun da ka shiga akwai bakaniken da ya san cikinta, akwai kuma mai shagon da ke da kayanta.

To, waccan hanya ta toshe. Daga 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin gaba ɗaya na fiye da shekara guda. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000 a wurare da dama. Dalar da ake canzawa a hukumance ƙasa da naira 500 ta wuce 1,500 a 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka tsayar a 2024. An dawo da harhaɗa Fijo a Kaduna a 2022, har da ƙaramar nan samfurin 301, amma a tambayi malamin firamare ko albashinsa na shekaru nawa zai tara kafin ya taɓa ta. Magana ɗaya ce: motar da ke ƙofar gidanka yau, da wuya ka sake ta nan kusa.

A nan ne ƙaramin inji ya rama rainin da aka daɗe ana yi masa. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne. Corolla mai lafiya, idan ba a danne ta da kaya ba, za ta je ta dawo da lita goma ko kusa da haka. Babbar jif mai fuloga shida kan nemi kusan ninkin wannan. Shi ya sa tun bayan cire tallafi manyan motoci da yawa suka kwanta a ƙarƙashin rumfa an lulluɓe su da tamfol, masu su suna cigiyar ƙaramar da suka taɓa kira akwala. Ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, waɗanda iyalan wasunsu ke Katsina ko Kano, sun fi kowa sanin wannan lissafi, don duk ƙarshen mako suna yin sa da aljihunsu.

Abin takaici shi ne, wannan motar da ta rufa mana asiri, da hannunmu muke kashe ta.

A leƙa garejin bakanike. Mai mota ya zo yana cewa allura ta ɗan ɗaga, motar tana zafi. Kafin ya gama bayani an buɗe bonet, yaron gareji ya kwance tiyon ruwa, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake kira tamostat, ya ɗaga masa shi. "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, ba namu ba ne." Sai a jefar da shi cikin tarkace, a haɗa fanka kai tsaye da makulli yadda za ta yi ta juyawa tun daga tayar da mota, a cika lagireto da ruwan rijiya, a karɓi kuɗin aiki. Mai mota ya tafi yana godiya. Alhali aikin wancan ɗan ƙarfe shi ne tsare ruwa har inji ya kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. Idan babu shi inji yakan daɗe da sanyi, musamman da asubahin hunturu, na'urar da ke auna mai ta ci gaba da zuba masa fiye da kima, kai kuma kana mamakin yadda tanki ke ƙarewa. Ainihin ciwon, wato lagireto da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji, yana nan ba a taɓa shi ba. Ruwan rijiya kuma yana barin tsatsa da ƙasa a cikin hanyoyin ruwa. Wata rana da tsakar rana a watan Afrilu, a kan hanyar Kankiya, sai hayaƙi ya turnuƙe, gaskit ya ƙone. Abin da za a gyara da kuɗin cefanen mako ya koma na sauke inji.

Ba muna ɗora wa bakanikai laifin duka ba ne. Yawancinsu a gareji suka taso, abin da maigidansu ya yi shi suke yi, kuma sau da yawa mai motar ne ke shigowa da cewa "Malam, a yi mini dabara, ba ni da kuɗi." Dabarar ce ke cin kuɗin daga baya.

Haka batun baƙin mai. Ƙaramin inji ɗan mai kaɗan yake ɗauka, bai kai lita huɗu ba a mafi yawansu, don haka man yana saurin gajiya, ga kuma ƙurar da muke ciki daga Nuwamba zuwa Maris. Mai ƙa'ida yakan juye shi a kimanin kilomita 5,000, ya canza filta, ya kakkaɓe matatar iska. Mu kuwa sai mu zaro sanda mu murza man a yatsa, mu ce da sauransa, mu ƙara na awo daga gwangwanin da ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Tsofaffin Corolla na shekarun 1990 da bel suke juya taimin, kuma bel yana da wa'adi. Idan ya tsinke a hanya motar ta tsaya ke nan. Na bayansu da yawa sarƙa gare su, ita kuma tsabtar mai take so. Mai mota nawa ne ya san wanne ke cikin tasa?

Sai lodi, wanda kowa ke gani kuma kowa ya saba da shi. An ƙera motar nan don mutum biyar, kuma duk abin da za ta ɗauka, mutane da kaya, bai cika wuce kilo 400 ba. Buhun masara guda kilo 100 ne. A tsaya a bakin tasha ranar kasuwa a gani: huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da wanda ya raɓa da direba, but a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhu uku, ga akuya tana leƙe. Bayan motar ya zauna har salansa na gogar kwalta. Direba zai ce mai ya yi tsada, idan bai yi haka ba ba zai fita ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Amma birkin da aka auna don mutum biyar ba ya sauraren uzuri, tayar gwanjo da ta shekara a rana ma haka. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Duba ta ba ya cin ko sisi.

A wani yanki lalacewar mota ɓata lokaci ne kawai. A namu yankin, da ya yi iyaka da Safana da Ɗanmusa, wanda ya sha fama da 'yan bindiga, kowa ya san abin da ake nufi da mota ta mutu da mutum da iyalinsa a daji bayan la'asar sakaliya. Wannan kaɗai ya isa ya sa magidanci ya ɗauki lafiyar motarsa da muhimmanci irin wanda yake ba ƙyauren gidansa.

Wanda kuma Allah ya hore wa zai sayi ta hannu, kada fenti ya ruɗe shi. Ya je da bakaniken da ya yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya sa a tayar da ita da safe inji na sanyi, ya tsaya a baya ya ga kalar hayaƙi. Idan shuɗi ne, tana shan baƙin mai, ringi na jiransa. Ya gwada lambar jikin mota da ta takarda, ya nemi shaidar biyan kuɗin kwastan, don motoci da yawa da suka shigo ta ɓarauniyar hanya har yau suna jawo wa masu su kamu a shingen bincike.

Muna kira ga ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Dutsin-Ma da Kurfi da ta tsayar da adadin fasinja da kaya ga ƙananan motoci, ta kuma tsaya a kansa. Jami'an kiyaye haɗurra da na hukumar kula da hanyoyi ta jiha, wato KASSAROTA, su riƙa duba taya da birki kamar yadda suke duba takardu. Gwamnatin Jihar Katsina ta sa ƙungiyoyin bakanikai cikin shirye-shiryenta na koyar da sana'a, a nuna wa matasan gareji aikin injin zamani da na'urar gano ciwon mota. Kai kuma mai ƙaramar mota, kafin tafiyarka ta gaba ka buɗe bonet ka duba mai da ruwa, ka tambayi bakanikenka ko tamostat ɗinka na nan. Idan an cire, ka sa a mayar.

Allah ya kai kowa gida lafiya.