Asibitin zagaye na farko ba shi ne na zagaye na uku ba

Har yau akwai gidajen da idan dattijo ya fara haki sai a ce a bar shi a ɗaki, wai wanda aka kai asibiti lokacin korona ba ya dawowa. Maganar tana da tushe, amma tushenta 'yan watanni ne na shekarar 2020, kuma a ganina bai kamata a ci gaba da auna asibiti da su ba.

A zagaye na farko likitoci na yaƙi ne da abin da ba su sani ba. A watan Maris na 2020 asibitocin Bergamo da ke arewacin Italiya sun cika maƙil, babu maganin da aka tabbatar yana aiki, kuma a wurare da dama ana gaggawar sa mutum a na'urar taimakon numfashi. Sai a watan Yuni wani babban bincike a Birtaniya mai suna RECOVERY ya nuna cewa deksametason, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'ura, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin. An kuma koyi kwantar da majiyyaci rub da ciki domin huhu ya buɗe, da ba shi maganin hana daskarewar jini. Wanda aka kwantar a ƙarshen shekarar ya tarar da likitan da ya fi na farkonta sanin abin yi.

Sai dai sani bai hana gado ƙarewa. A watannin Afrilu da Mayu na 2021, lokacin da nau'in Delta ya mamaye Indiya, oksijin ya yanke a asibitocin Delhi, mutane suka rasu a gaban likitocin da suka san maganinsu sarai. Wannan shi ne abin da ba a cika faɗa wa iyalai ba: cunkoso kan cinye ribar da ilimi ya samar. Ma'aikaciyar jinya da aka ɗora wa majiyyata fiye da ƙima ba za ta lura da wanda numfashinsa ya sauya da tsakar dare ba, komai ƙwarewarta.

Da Omicron ya bayyana a ƙarshen 2021, jama'a da yawa sun yi rigakafi ko sun taɓa kamuwa, kuma nau'in bai cika sauka huhu kamar Delta ba. Kason masu rasuwa a asibiti ya ragu, amma tsofaffi da masu ciwon suga ko ƙoda ba su fita daga haɗari ba.

Iyali ba su da iko a kan nau'in ƙwayar cuta ko yawan gadaje. Abin da ke hannunsu shi ne ranar da suka kawo majiyyaci. Korona kan rage oksijin a jini alhali mutum yana zaune yana hira, don haka jiran sai ya galabaita kuskure ne. Idan akwai 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa kuma ta nuna 92 ko ƙasa da haka, ko leɓɓa suka sauya launi, ko magana ta fara yankewa saboda haki, a tafi asibiti a lokacin. Kada kuma a sayo deksametason a kemis a ba shi a gida, domin binciken da ya tabbatar da amfaninsa bai ga wata fa'ida ba ga wanda ba ya bukatar oksijin.